Ranar da Kawu Dusuma Ya Taka Tamanin

Doya ƙwarya talatin da biyu, wato dubu uku da ɗari biyu in ka ƙirga ɗaya-ɗaya. Ita ce duk abin da na mallaka a duniya a ranar da zan ba ku labarinta. A cikin doyar nan akwai shekara takwas da na yi ina tura kura a Gar, babbar tashar mota ta Paraku, akwai babur ɗina da na sayar, akwai ragon da matata Hadiza ta yi wata bakwai tana kiwo don Layya. Sabuwar doya ce ta damina, irin wadda ba ta jiran kowa: in ta kwana goma a ƙasa, sai ta fara laushi. Mai saye kuwa mutum ɗaya ce tak, Madam Selestin, 'yar kasuwa daga Kwatano, wadda tirelarta ke lodi a Gar. Ta gaya mini da Faransanci, tana buga gilashin agogonta da farce: "Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma. Huɗu da minti ɗaya, ba ka san ni ba, ban san ka ba."

To duk wannan dukiya na ɗauka na ɗora a motar mutumin da bai taɓa wuce gudun hamsin ba tun ranar da aka ba shi takardar tuƙi.

Kawu Bukari nake nufi, yayan mahaifiyata, wanda duk Gar ke kira Dusuma, wato "a hankali" da bakin Faransa. Makon jiya muka yi sadakar arba'in ɗinsa a Jugu. Aka zauna a zaure, kowa ya kawo nasa labarin, aka yi ta dariya har liman ya goge ido da bakin rawani. Ni kaɗai na yi shiru. Akwai labarin da na riƙe a ciki shekara ashirin da 'yan kai, kuma gara in rubuta shi, don in na fara da baki ba zan kai ƙarshe ba.

Ku da kuka san shi kun san yadda yake tada mota. Ba ya taɓa makulli sai ya tsaya a tsakiyar fili, ya cire hula, ya lashi yatsa ya ɗaga sama. Ya juya gabas, ya juya yamma, kamar mai duban watan azumi. In abin ya yi masa, ya ce, "Yau barci take, mu lallaɓa mu wuce." In bai yi masa ba, ya tsuke baki: "Ta tashi da yunwa." Iska yake nufi! A wurin Kawu iska ɓarauniya ce da ke tsaye a tsakiyar hanya, ba bindiga, ba shinge, amma ba motar da za ta wuce ba ta biya ta da gazuwal, wato man dizal, ba.

"Duwan, 'yan kwastan nan, in sun karɓa, suna ba ka takarda," haka yake cewa. "Jandarma yana ce maka a sauka lafiya. Ita kuwa ta sha maka litir goma, ko sallama babu."

Ranar da na fara shiga motarsa, muna fita gari ya ce in sauke gilas.

"Fitar da hannunka. Talatin muke. Me ka ji?"

"Shafa ni take."

Ya ƙara wuta har hamsin. "Yanzu fa?"

"Tura ni take."

"To daga nan sama mari ne. Kai ka ninka gudu sau biyu, ita ba sau biyu take ramawa ba, sau huɗu. Maido hannunka, rufe gilas, kana sa ni asara."

Haka muka je Jugu cikin watan zafi da gilas a rufe, na sauka kamar an tsamo ni daga rijiya.

Shekaru da yawa bayan nan, 'yata Rakiya tana lise, wato sakandare, ta zo masa da littafinta a guje. "Kaka, maganar da kuke yi tana cikin littafin fizik ɗinmu! Ga ta nan: in gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ta ninka huɗu." Mu duk mun zaci zai yi murna. Ya karɓi littafin, shi da bai yi boko ba, ya juya gaba, ya juya baya, ya ɓata rai.

"Amarya, wa ya rubuta?"

"Wani Bature ne."

"Ya taɓa zuwa Jugu?"

"Ina zai zo Jugu, Kaka?"

"To wani ne ya kai masa. Da ma na san bakin shoferorin Gar ba ya riƙe magana."

Motarsa kuwa, kamiyo ce, wato babbar motar kaya, tsohuwa mai tan goma, kuma ita kaɗai ce tsirara a duk Gar. Sauran shoferori, wato direbobi, suna ado: allo bisa kai da rubutu, ƙaho biyu masu walƙiya, tutoci, fitilu kamar gidan biki. Kawu ya kwance nasa duka tun ranar da ya saye ta. Karen mota ma bai taɓa ɗauka ba, wai mutum yana lilo a ƙofa da riga a buɗe, wannan litir biyu ne kafin a kai rabin hanya. Daga baya ya dubi madubin dama, ya ga shi ma kunne ne da ke tare iska, ya kwance shi.

Wata rana jandarma ya tsayar da shi a mashigar Jugu.

"Shofer, ina madubin dama?"

Kawu ya sunkuya ƙarƙashin kujera, ya fito da shi naɗe cikin tsumma, ya hura masa, ya goge, ya miƙa. "Ga shi nan, shef. Ko ƙwarzane babu."

"A jikin mota ake sa shi!"

"Ai a cikin mota yake."

"A waje, malam! Da me kake ganin na bayanka?"

"Shef, don Allah me zan yi da ganin na bayana? In na yi haƙuri minti ɗaya zan gan shi a gabana."

Jandarman ya dafa mota yana dariya har hularsa ta faɗi, ya ce ya tafi, kada ya sake ganinsa.

Kuɗin kaya ma nasa daban ne. Kowa da nauyi yake yanka farashi, shi da fuska: faɗin kaya da tsayinsa. Hajiya Zinatu mai shagon katifu, Allah ya ƙara mata lafiya, tana nan da ranta, ku tambaye ta. Ta kawo katifar soso goma za a kai Jugu, ya faɗa mata kuɗin da ya fi na siminti buhu ashirin.

"Bukari, ka ji tsoron Allah! Katifar da ni tsohuwa nake ɗagawa da hannu ɗaya?"

"Kin ɗaga, Hajiya, na yarda. To ɗora ta a ka ki yi gudu da ita zuwa bakin titi, in kin kai da zanenki a jiki na kai miki kyauta. Siminti kwanciya yake ya yi shiru. Katifarki kuwa tsayawa za ta yi tana gaisawa da iska tun daga nan har Jugu, ni ke biyan kuɗin goron."

Amma abin da ya fi alfahari da shi duk duniya shi ne karansa. Wani ɗan gora ne da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa, kowace tsaga litir biyu. Da shi yake auna tanki. Kafin tafiya zai dubi kaya, ya dubi sama, ya yi shiru yana motsa leɓe, sannan ya faɗi adadin man da za a zuba, ba ƙari ba ragi. "Shekara talatin," yake cewa yana buga ƙirji, "mai bai taɓa ƙare mini a hanya ba, ban kuma taɓa shigowa Gar da fiye da kwalba ɗaya a tanki ba." Kuma gaskiya ne. Ko masu yi masa ba'a sun san gaskiya ne. Wannan shi ne sunansa, shi ne jarinsa.

Za ku ce to me ya kai ni? Talauci ya kai ni. Duk shofer da na tuntuɓa, kuɗin da ya faɗa ya cinye ribar tun doya na ƙasa. Kawu ya ce, "Mota kyauta, ɗan ƙanwata. Kai dai zuba mai." Ya yi lissafinsa: Paraku zuwa Kolokonde, ƙauyen da doyar take, ba kaya, dawowa da kaya, litir saba'in da takwas.

Na ce, "Kawu, mu cika tamanin da biyar mana, don ko da wani abu."

Ya dube ni kamar na zagi kakansa. "Litir bakwai na mene ne? Sadaka za ka yi wa wa?"

Saba'in da takwas aka zuba.

Laraba muka isa Kolokonde. Alhamis ana sallame asuba manoma suka hau lodi, kafin ƙarfe takwas sun gama. Sun jera doya tsaf, kusurwa huɗu, ta ɗara rufin mota da kamu biyu. Ina tsaye ina murna, sai ga Kawu ya dawo daga shan koko. Ya zagaya motar sau ɗaya. Ya sake zagayawa.

"Wannan fa? Masallaci kuka gina?"

Babban manoman ya ce ai haka ake lodi tun kakanni.

"Bango kuka yi mata ta zo ta jingina! A sauke na sama."

"Kawu, lokaci!"

"Ka taɓa ganin tarwaɗa mai kusurwa huɗu? Kai ya yi daidai da rufin mota, baya ya sauka a hankali kamar wutsiya. Allah da ya halicci kifi ya fi ku sanin lodi."

Aka sauke, aka sake jerawa, yana tsaye yana nuni da karan nan nasa. Sannan ya hau da kansa ya ɗaure tampol, ya ja igiya, ya taka da ƙafa, ya sake ja, har sai da ya buga tafinsa a kai ta yi kuka kamar ganga. Ƙarfe goma da rabi muka bar Kolokonde.

Hanyar daji ce mai ramuka, ga ruwa ya kwanta, sai sha biyu muka shiga Jugu. Na ce mu wuce. Ya ce shi ba zai wuce ƙofar ƙanwarsa kamar ɓarawo ba. Inna ta fito da fura a ƙwarya, ta dube ni, ta ga yadda nake taka ƙasa kamar mai jin fitsari.

"Yaya, ka kai mini shi da wuri."

"Zan kai miki shi lafiya."

"Da wuri na ce."

"Na ji abin da kika ce."

Sha biyu da rabi muka hau kwalta. Na yi lissafi a zuci, na ga in ba wani abu, kafin uku da rabi muna Gar. Hankalina ya ɗan kwanta.

Sai hadari ya haɗu a gabas, daidai inda muka dosa. Iska ta taso ta gabanmu, itatuwa suna sunkuyo mana, ganye yana bugun gilas. Kawu ya yi tsaki, ya sauka gefen hanya, ya raɓa jikin wata katuwar mangwaro, ya kashe mota.

"Kawu, lafiya?"

"Ba ka ga ta fito da 'ya'yanta da jikokinta ba? In na shiga yanzu, hamsin ɗina da arba'in ɗinta, casa'in ke nan. Ni ban zuba man casa'in ba."

Ya yi alwala, muka yi azahar. Ni Allah ya yafe mini sallar nan, don rabinta agogo nake tunani. Da muka idar ya fito da goro, ya ɓare, ya miƙo mini rabi, ya miƙe ƙafa.

"Kakanninmu da jakuna suka riƙa kai goro daga Gwanja har Kano," ya ce. "Wata uku a hanya. Ba wanda ya taɓa ce musu ƙarfe huɗu."

"Su ba su haɗu da Madam Selestin ba, Kawu."

Awa guda cur muka yi a gindin mangwaron nan. Ruwan ma bai sauko ba, hadarin ya zame kudu. Iskar ta rage amma ba ta kwanta ba. Ya lashi yatsa, ya ɗaga, ya girgiza kai, ya ce to mu gwada.

Da muka hau gadar Beteru na dubi agogo: uku da minti ashirin da biyar. Saura kilomita arba'in da biyar. Ni ɗan kasuwa ne, lissafi ba ya ba ni wuya. A gudun hamsin, huɗu da minti ashirin. A gudun tamanin, huɗu daidai.

"Kawu, ku ƙara."

"Hamsin muke."

"Hamsin zai kai mu huɗu da ashirin!"

"To ai mun isa ke nan."

"Huɗu ta ce!"

"Isufu, shekarata talatin a Gar. Ban taɓa ganin tirelar da ta tashi lokacin da aka faɗa ba."

A nan ne na faɗi maganar da har yau in na tuna sai in ji goro ya yi mini ɗaci. Na ce, "Ku ba ku da abin da za ku rasa shi ya sa. Shekara talatin kuna auna mai da kara, da mota ɗaya kuka fara, da mota ɗaya kuke. Ni ba na so in tsufa ina lasar yatsa a tsakiyar fili mutane na dariya." Ga yayan uwata na faɗa wa haka, a cikin motarsa, wadda ya ba ni kyauta. Sannan murya ta ƙwace mini, na fara maganar babur, da ragon Hadiza, da yadda zan koma tura kura da furfura ta soma fito mini.

Bai dube ni ba.

"Isufu, man na hamsin ne."

"Zai kai."

"Na hamsin ne. Kuma har yanzu tana gabanmu."

"Na ji. Ni na ɗauki nauyi."

Sai ya cire hularsa ya ajiye a tsakaninmu. Ya ce bismillahi. Ya taka.

Jama'a, ban san motar nan tana da wannan murya ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Sittin. Ƙofa ta fara rawa. Saba'in. Madubin nan da ke ƙarƙashin kujera ya fito da kansa yana yawo tsakanin ƙafafunmu. Kawu ya rungume sitiyari, haɓarsa kusan a kai, yana ta ihu ta cikin gilas:

"Sha! Sha, 'yar banza! Shekara talatin kina jira na, ga ni na zo! Sha ki ƙoshi!"

Muka cim ma wata tasi cike da fasinja, muka wuce ta. Wallahi muka wuce ta! Mai tasin ya juyo, bakinsa a buɗe, har ya kusa faɗawa rami.

"Innalillahi," in ji Kawu. "Garba Dogo ne. Ya gan ni."

A gangaren da ke gaba na ga allura ta taɓa tamanin da idona. Na saci kallonsa. Ba zan rantse ba, amma kamar na ga haƙoransa a waje.

Huɗu saura minti goma muka shiga Turu, unguwar farko ta Paraku, har ina hango rufin kwano na gari. Sai motar ta yi tari. Ta sake yi. Ta yi na uku, ta mutu.

Kawu ya zare giya ya bar ta tana gangarawa da kanta. "Sunkuya!" ya daka mini tsawa. A cikin mota fa muke, gilas a rufe! Amma na sunkuya. Haka muka tafi, mu biyu kanmu a ƙasa, har ta tsaya cak a gaban wasu mata masu sayar da cuku. Ya sauka, ya zura karansa a tanki, ya zaro. Busasshe ƙayau. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da shi bayan kujera.

Masu kwalabe a bakin hanya duk esansi, wato fetur, suke sayarwa, ba mai gazuwal. Lokacin kuwa wayar hannu ba ta zo hannun irinmu ba. Na tare ɗan zem, mai babur ɗin haya, na hau bayansa zuwa gidan mai na farko, na cika bido, wato jarka. Da ina da hankali da na ce ya zarce da ni Gar in roƙi matar nan, amma kaina ya tsaya a kan mai, ban ga komai ba sai mai. Na dawo a guje, muka zuba, ya murza makulli. Shiru. Ya sake. Shiru.

Duk mai motar gazuwal ya san wannan. In tanki ya bushe, famfo yakan zuƙi iska, kuma ko ka cika tankin mota ba za ta tashi ba sai an sassauta bututu ɗaya bayan ɗaya, ana bugawa da hannu, har kumfa ta daina fita. Kawu ya buɗe gaban mota, ya zura kai da sifana, na ji muryarsa daga ciki:

"Ka gani ko? Ba ta ƙoshi da na waje ba. Ta biyo ni har cikin ɗaki."

Awa guda muka yi muna fitar da ita, ga Garba Dogo ya wuce mu yana ta danna ƙaho.

Biyar da rabi muka shiga Gar. Inda tirelar Madam take tsayawa ba komai sai ɓawon doya da sawun taya. Wani tsohon ɗan dako da muka yi tura kura tare ya taho yana tafa hannu.

"Kai Isufu, ina ka shiga? Matar nan ta jira ka har huɗu da rabi! Shofer ɗinta ma sai da ya ci sakwara ya wanke hannu. Da ta gaji ne ta cike da doyar wani."

Huɗu da rabi. Mu kuwa, a gudun hamsin, huɗu da ashirin.

Na juya na dubi Kawu. Na tsaya ina jiran abin da zai faɗa, don na cancanci kowace kalma. Mutumin da zai yi maka wa'azin awa biyu a kan gilas da ka bari a buɗe! Ya dubi filin, ya dubi doyar, ya sa hularsa.

"Mu nemi inuwa," ya ce. "Rana na cin kaya."

Kwana tara motarsa ta yi a gindin wata bishiya kusa da kasuwa. An kawo masa lodi har sau uku, ya ce mota na da kaya. Ni ina bin masu sakwara rumfa-rumfa ina roƙo su zo su gani, shi yana zaune bisa doya yana ciniki kamar tun haihuwa sana'arsa ke nan. "Taɓa ki ji, uwar gida! Doyar nan ta yi gudun tamanin, babu irinta a duk Paraku. Kafin ki ɗaga taɓarya ta daku." Suna dariya suna saye, goma-goma, ashirin-ashirin. Ƙwarya biyar ta ruɓe, muka zubar. Sauran na sayar a kan abin da na saya, wata ma ƙasa da haka. Layyar shekarar nan naman maƙwabta muka ci, babur kuwa sai bayan shekara biyu na sake hawa nawa.

Amma kafin mu iso Gar ma labari ya riga mu. "Dusuma ya tashi sama!" "Dusuma ya sha mai a Turu!" Aka kewaye shi ana ihu: me ya faru, aljani ya shige ka ne? Ina tsaye a gefensa. Ya ce, "Kuskuren lissafi na yi. Tsufa ne." Shi ke nan abin da ya faɗa, ranar da kuma kullum bayanta.

Daga nan kun san yadda abin ya koma. Duk lokacin da ya fara maganar iska a kan benci, sai wani ya ce, "To Turu fa, Dusuma?" Sai a fashe da dariya, shi kuma ya yi murmushi ya ɓare goro. Bai sake buga ƙirji ya ce shekara talatin ba. Kun yi dariyar nan, ni ma ina kan bencin na yi tare da ku. Makon jiya a zaure aka sake ba da labarin, aka ce ranar ce kaɗai karan Dusuma ya yi masa ƙarya. Na sake yin shiru.

To ku ji yau. Karan bai yi ƙarya ba. Lissafinsa daidai yake har kwalbar ƙarshe. Ya faɗa mini sau biyu man na hamsin ne. Ni na sa shi, da bakina, da magana mai zafi, kuma ya san abin da zai faru kafin ya taka.

Sau ɗaya na gwada ba shi haƙuri. Lokacin ya bar tuƙi, ido ya yi rauni, yana zaune a ƙofar gida a Jugu. Na zauna a ƙasa kusa da tabarmarsa.

"Kawu, ranar Turu..."

"Wace rana?"

"Ranar da na sa ku gudu. Maganar da na faɗa muku."

Can sai ya matso da kai, ya rage murya kamar mai tsoron a ji.

"Tamanin fa, Isufu. Da kaya. Ka ga tampol ya motsa?"

"Bai motsa ba, Kawu."

"Ko doya ɗaya ta faɗi?"

"Ko ɗaya."

"To," ya ce, ya jingina da bango.

Ni ɗan kasuwa ne, ban iya rufe magana ba sai na ga abin da ya shiga da abin da ya fita. Masu sakwaran da na bi rumfa-rumfa a kwana taran nan, su ne suka zama masu sayena, yau 'ya'yansu ke saye a hannuna, da su na yi motoci uku da gidan da nake ciki. Da na sami Madam ranar, da wataƙila har yau ina bin tirelar wani ina kallon agogo. Abin da na rasa kuwa shekara biyu ta mayar mini. Shi abin da ya rasa bai dawo ba har ya koma ga Allah: suna ne na shekara talatin, ya zubar da shi cikin minti ashirin da biyar saboda ɗan ƙanwarsa ya yi kuka. Ribar duk tawa ce, asarar tasa, kuma bai taɓa bari na gan ta a fuskarsa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Bukari. Allah ya yafe masa, ya yafe mini abin da na faɗa masa a gadar Beteru. Allah ya yalwata kabarinsa, ya sanyaya masa makwanci. Malamai sun ce ranar ƙetare siraɗi wasu za su wuce kamar walƙiya, wasu kamar iska. Ya Allah ka sa shi cikin na farko, don na biyun na san ba zai yarda ba.

Amin.